Ma'aunin Zafin Teku a Randar Mzee Shaame

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Sheha, shugaban wannan taro kuma uban wannan gari namu na Kiwengoni. Limaminmu da malamanmu. Baƙuwarmu Malama Zuwena ta cibiyar binciken teku, wadda ta sha rana a kanmu har ta zama 'yar gida. Dattawan kwamitin bakin ruwa. Masunta masu koma da masu fatsa. 'Yan'uwana mata masu kamun pweza, dabbar ruwan nan mai hannuwa takwas. Dillalan da suka tsallako da akwatunan ƙanƙara tun ba a aika musu ba. Manya da yara, na kan tabarma da na tsaye a gindin mangwaro, ina gaishe ku gaba ɗaya. Wanda na tsallake sunansa ya yafe mini, ya kai ƙarata wurin teku, domin shi ke kora ta. Ku waiga ku gani, ruwa ya fara janyewa, kuma akwai aikin da dole a yi shi kafin ya dawo.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga Sheha da ya ba ni wannan dama, ni Mwanakheri, duk da ya san bakina ba ya da linzami. Ina godiya ga matan garin nan da suka sa ni a gaba, suka riƙe hannuwansu watanni, suna wuce dutsen Mwezi, dutsen cikin tekun nan da muka rufe aka hana kamu, a kwalekwale, suna haɗiye yawu, ba wadda ta sa ƙafa.

An tara mu a kan magana ɗaya: a buɗe dutsen Mwezi jibi kamar yadda aka sa rana, ko a bar shi a rufe. Ni na tashi in roƙe ku a bar shi. Na san ba abin da kuka zo ji ke nan ba, na ga fuskoki sun fara sauyawa. Ku ba ni kunne a kan abubuwa uku, sannan kowa ya ɗaga hannunsa inda zuciyarsa ta kwanta.

Na farko, abin da idanunmu suka gani. Duk wanda ya bi ta saman Mwezi a makonnin nan ya ga murjani ya yi fari. Wanda muka sani ja, ya yi fari. Wanda muka sani ruwan ƙasa, ya yi fari. Mai rassan nan da pweza ke son ɓuya a gindinsa, shi ma ya yi fari fat kamar an zuba masa toka. Yaranmu na cewa ya yi kyau, ni kuwa ban ga kyau ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Malama Zuwena ta sha gaya mana a ƙarƙashin bishiyar nan cewa murjani ba dutse ba ne kawai, abu ne mai rai, kuma idan ruwa ya yi zafi ya daɗe da zafin, sai ya kamu da ciwo ya koɗe. Farin nan ba mutuwa ba ce tukuna, jinya ce. Idan sanyi ya zo aka kuma ƙyale shi, yakan farfaɗo. Idan kuwa muka hau shi a wannan hali, mata da maza, da ƙafafu da sandunan ƙarfe, muna takawa, muna zungura, muna kifar da duwatsu, to farfashewa zai yi, gansakuka ta rufe shi, pweza ya rasa rami ya yi ƙaura. Kun san tsibirin da ke kudu da mu, ba sai na kira suna ba. Matansu yanzu a kasuwarmu suke sayen pweza. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu, kuma nan ne maganar take. Na ji abin da ake faɗa a wurin shan kofi da wurin gyaran koma. Ana cewa, ai muna da ma'auni, ma'auni kuwa ya ce ruwan Mwezi da sanyinsa, to me ake jira? Gaskiya ne muna da ma'auni. Bara Malama Zuwena ta kawo mana shi, ɗan ƙarami, bai fi kwalbar turare ba, aikinsa ya zauna a ɗaure a jikin dutsen dare da rana yana riƙe zafin ruwa a cikinsa, idan ta zo a ciro mata shi ta karanta a mayar. Gaskiya ne kuma duk zuwan da ta yi, lissafin sanyi ya nuna. Ita kanta hankalinta bai kwanta ba. A gaban kwamiti ta ce teku ba ya zama da hali ɗaya haka, wannan lissafi ya cika ladabi, a bincika. Amma labari mai daɗi wa ke son a bincika shi? Aka ce ta sha kofinta kada ya huce.

Kun tuna wanda muka danƙa wa ma'aunin? Mzee Shaame, dattijonmu. Kun tuna dalili? Da baki ɗaya muka ce a ba shi, domin a garin nan ba a taɓa jin wani abu ya ɓata a hannunsa ba. Mutumin da kowace yamma yake kwaso tarkunansa, da igiyarsa, da dutsen da yake tsayar da kwalekwale, ya kai gida, alhali kowa na barin nasa a ruwa. Mu kuma tun muna yara aka koya mana cewa amana a ƙarƙashin rufin ɗakinka take kwana. Sai muka zaɓi mutumin da ba ya barin ko tsinke a teku, muka ce ya bar mana abu a teku, muka tafa wa kanmu muka watse.

A makon jiya na dawo daga gonar ciyawar ruwa, ƙishi kamar zai kashe ni, na biya gidansu. Matarsa Bi Raya tana kankare kwakwa a tsakar gida, ta nuna mini randa da haɓa. Na zura moɗa, sai na ji ƙwal. Na ce, "Bi Raya, me kuke kiwo a randar nan?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kayan mutanen birni ne. Sha ruwanki, ba ya cizo." Na sa hannu na lalubo, sai ga ma'auninmu, fes da shi, ba ko ɗigon gansakuka.

Na ga wasu na dariya. Ku yi, ni ma sai da na zauna a ƙasa. Watanni muna zaune muna yanke shawara a kan rayuwar dutsen Mwezi da lissafin randar Bi Raya, randar da garin nan kaf ya shaida sanyinta. Ma'auni bai yi ƙarya ba, inda aka ajiye shi ya auna. Amma ku gama dariyar da wuri, domin abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne, kuma da izinin Mzee nake faɗarsa, shi ya ce in faɗa.

Da ya shigo ya gan ni da abin a hannu, bai yi musu ba, bai kuma yi kame-kame ba. Ya ce ya san inda aka ce ya ɗaure shi, kuma ya ɗaure shi a ranar farko, da igiyar da ta fi kowace ƙarfi. Ya ce da ya juyo da kwalekwale, ko rabin hanya bai yi ba ya kasa ci gaba, ya koma ya kwance shi. A tunaninsa, ma'auni kamar sandar gwada zurfi yake, lokacin da ake bukata ake tsoma shi. Saboda haka duk safiyar da Malama za ta zo, sai ya kai shi Mwezi ya tsoma ya ɗan jira, ya kawo mata a jiƙe. Sauran kwanaki kuwa yana randa don kada ya bushe ya lalace. Raina a ɓace na ce, "Haba Mzee, kayan teku ne fa, don teku aka yi shi." Sai ya ce, "Mwanakheri, 'yar nan, sau ɗaya na taɓa barin abin da aka ba ni amana a teku, na ce gobe na je in ɗauko. Har yau ina jira."

Manyan da ke nan sun san abin da yake nufi. Don yara da baƙi nake faɗa: ɗansa Faki yake nufi. Shekarun baya sun fita kamun kifi tare, iska ta tashi, saurayin ya ce Baba ka wuce da kifin, ni zan tsaya a jirgin abokaina mu ja koma, sai da safe. Ba a ga jirgin ba, ba a ga gawa ba. Tun daga ranar Mzee yake kwaso igiyoyinsa gida. Mun sani, dukanmu mun sani, kuma muka manta a ranar da ya kamata mu tuna. Don haka duk mai neman wanda zai ɗora wa laifi, kada ya nufi gidan tsohon nan, ya fara da tabarmar kwamiti.

Na aika wa Malama Zuwena, ta tsallako washegari da wani ma'aunin na hannu, muka je Mwezi. Ga ta nan zaune, ku tambaye ta. Ta ce tun da ta fara zuwa garin nan ba ta taɓa samun ruwan da zafi irin wannan ba. Ni da na zura ƙafa daga kwalekwale, ji na yi kamar ruwan wankan jariri. Takardar da kuke dogara da ita ta randa ce, jama'a. Ta teku ba mu da ita, sai yau za a fara rubuta ta.

Na uku, roƙona. Ba cewa nake yi a rufe Mwezi har abada ba, ni ma da pweza na ciyar da 'ya'yana, kuma a ramukan dutsen nan uwata ta koya mini riƙe sanda. Cewa nake yi a jira iskar Kusi ta juyo daga kudu ta sanyaya ruwa, a mayar da ma'auni wurinsa, idan shi da idanunmu suka yarda cewa zafi ya sauka kuma launi ya fara dawowa, sai a sa rana. Na san azumi na ƙaratowa. Na san akwai gidajen da rogo suke ci safe da yamma suna lissafin jibi. Na san akwai wadda ta sa ranar bikin 'yarta da wannan buɗewa a ranta, ƙanwata ce, tun jiya ba ta amsa gaisuwata. Ba na raina yunwar kowa, yunwa ba ta jin wa'azi. Amma ina jin tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa, tsoro nake ji mu cika akwatunan dillalai a yini ɗaya, mu wayi gari garin neman gira mun rasa ido. Dillali idan dutse ya mutu jirginsa zai juya ya nemi wani gari. Mu ina za mu juya? Sauran wuraren kamu suna nan a buɗe, gonar ciyawa tana nan, mu lallaɓa da su. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, mu ba dafawa aka ce mu yi ba, ƙyale shi kawai aka ce mu yi.

Na ga ana ta duba ina Mzee Shaame yake. Ba ya cikin taron nan, kuma ba kunya ce ta hana shi zuwa ba. Ku miƙe ku duba bakin ruwa. Wancan da ke zaune a kwalekwale, filafili a kan cinya, shi ne. Da safen nan ya zo ƙofata da ma'aunin a naɗe cikin hularsa. Na ce ya kawo in ba wani ya kai. Ya hana ni. Ya ce, "Ni na kwance, ni zan ɗaure. Zan baro shi can, ba zan waiga ba. Amma ki gaya musu, in ni na iya barin nawa a teku, su ma su bar masa nasa."

Saƙon ke nan, na isar. Yana jiran hannuwanku, kuma ruwan ba zai jira shi ba.

Allah ya sanyaya mana teku, ya mayar wa murjani da launinsa. Allah ya rufa wa kowane gida asiri har ranar buɗewa, ya sa albarka a ɗan abin da ke tukunya. Allah ya ƙara wa Sheha lafiya da adalci, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Allah ya jiƙan Faki ɗan Shaame da duk waɗanda teku ya zame musu kabari. Allah ya ba tsohon nan ƙarfin juyowa hannu wofi, ya ba shi barci yau.

Mai girma Sheha, ruwa ya kai inda ake so. A ƙirga hannuwa.

Na gode.