Keso Biyar na Wuri da Garkar Dabinon Mahaifina

Salama a gare ku, ƴan'uwa, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku yi haƙuri da muryar tsoho. Zan faɗi abin da Allah ya yi mini, ba ƙari ba ragi.

Yawancinku da furfura da sanda kuka san ni. Ba ku san ni ina malami a Dutse ba, ina zaune a kan buzu, ana durƙusa mini. Ilimi ina da shi, amma girman kaina ya rinjaye shi. A shekarar babbar yunwa, kowa ya rage hidima, ni kuwa na ci gaba da yanka wa baƙi, don kada a ce Malam ya talauce. Da rumbu ya ƙare, na je wurin wani attajiri mai fataucin kanwa, wanda muke kira Madugu, na ranci wuri, kuɗin da ake ciniki da shi a wancan zamani, keso biyar. Ku yaran yanzu, keso ɗaya wuri dubu ashirin ne. Na ba shi jinginar garkar dabinon mahaifina. Aka yanka wa'adi a gaban shaidu: shekara huɗu. In rana ta faɗi a Juma'ar ƙarshe ta watan Safar ban biya ba, garka ta zama tasa.

A cikin waɗannan shekaru ne Ubangiji ya kira ni, na bi shi. Ɗalibaina suka watse, kyautar da ake kawo mini ta yanke. Na koma noma da tufkar igiya, ina tara wuri a tuluna ina binnewa a gindin rumbu. A lokacin kuɗin Turawa sun shigo, amma na raina su. Duk wanda ya biya ni da kobo, sai in ruga kasuwa in musanya shi da wuri, ina cewa wannan ƙarfe zai tafi tare da masu shi. Kaitona!

Saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika, na ari jakuna, na ɗora kaya, na sauke a ƙofar Madugu ina taƙama. Ya fito, ya kwance bakin buhu ɗaya, ya damƙi wuri ya sake shi yana zuba.

Ya ce, "Malam, wannan fa? Daɓe za mu yi da shi?"

Na ce, "Bashinka ne, Madugu, cif. Ko ƙwaya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka karanta littattafai, amma ba ka karanta kasuwa ba. Haraji da sule nake biya, kanwa da sule nake saro ta. Ranar da na ba ka, keso biyar fam biyu ne da sule goma. Su nake jira."

Na kawo masa hujjar masana, cewa rance da irinsa ake biya. Ya dube ni a hankali, ya ce, "Kai ƙara mana. Amma ka fara tunanin wanda zai tsaya maka yanzu."

Na zaga wurin masu canji, ba wanda ya taya ko rabin abin da nake nema. Gumin shekara huɗu, ƴan'uwa! Garkar nan kuwa ita kaɗai ta rage mana, da dabinonta muke sayen hatsi.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, na ji wurin masu daddawa cewa Maguzawan bayan dutse har yanzu da wuri suke biyan dukiyar aure, ba sa karɓar ƙarfe. Bana kuma gidan Sarkin Nomansu samari uku za a yi wa aure. Wuri suke nema ido rufe."

Na daka mata tsawa. "Ni? In je in durƙusa a gidan masu giya?"

Ta ce, "To, zauna. Garkar ma ai ta gaji da mu."

Kwana biyar na yi ina yawon banza gidajen tsofaffin abokai. Wani ya sa aka ce ba ya nan, ina kuwa jin tarinsa daga zaure.

Da ya rage kwana bakwai, da rana tsaka na shiga garka, na faɗi rubda ciki a gindin dabino. Ban yi addu'a irin ta malamai mai jerin kalmomi ba. Na ce, "Ya Ubangiji Yesu, girman kai ne ya sa ni cin bashi, girman kai ya sa na tara abin da ba ya ci, ga shi kuma zai hana ni bin ƙofar da ka buɗe. Ka karya shi!" Na yi kuka kamar yaro. Sai aka tunasar da zuciyata cewa shi da nake bi bai ƙi cin abinci da waɗanda aka raina ba. Na tashi na ɗaura wa jakuna kaya.

Sarkin Noma tsoho ne mai faɗin ƙirji. Ya saurare ni har na gama. Sai ya sa aka kawo ruwa a ƙwaryarsa, ya kurɓa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam, wata shekara ka bi ta nan da ƙishirwa, muka ba ka ruwa, ka kau da kai. Yau fa?"

Na karɓa da hannu biyu na shanye. Ya buga cinya ya ce, "Ashe maƙogwaronka irin namu ne! Ku kawo tabarmi."

Kwana biyu ana ƙidayar wurin biyar-biyar. Ba su da sule, sai suka biya ni da gyaɗa, kuma ba su tauye ni ba. Kwana biyu ana ɓare gyaɗar, kwana guda a hanya zuwa wurin masu awon gyaɗa. Na sayar, na karɓi kuɗin Turawa, na ƙirga sau uku: sule hamsin daidai, ba ko anini a kai.

Ranar Juma'a bayan la'asar na isa zauren Madugu, ƙafafuna sun kumbura. Shaidu na zaune, cikinsu har da Liman, abokin karatuna tun ƙuruciya, wanda rabonsa da yi mini magana tun ranar da na bi Almasihu. Madugu ya sa aka kawo dutse. Ya riƙa buga kowane sule a kai yana sauraren ƙararsa, a hankali, ni kuwa ina kallon inuwa tana tsawo a ƙofa. Arba'in da shida. Arba'in da bakwai. Na arba'in da takwas ya ce ƙwas, ba amo.

Ya ture shi gefe. "Jabu ne, Malam. Saura sule guda, ga rana tana shirin faɗuwa."

Ba ni da komai. Na rufe ido na ce a zuci, Ubangiji, ka gani.

Sai na ji motsin riga. Liman ya sa hannu a aljihu, ya fito da sule, ya buga shi a dutsen da kansa, ya yi ƙara ras. Bai dube ni ba. Ya ce, "Madugu, ƙirga. Mu shaidu ne an biya kafin magariba."

Yabo ga Allah! Ta hannun Bamaguje da na raina, da hannun Liman da na zaci ya yanke ni, Ubangiji ya fanshi gadon ubana.

Ƴan'uwa, in akwai mai wa'adi a wuyansa a cikinku yau, kada ya zaɓa wa Allah ƙofar da zai aiko taimako. Ya durƙusa, ya faɗi gaskiyar laifinsa, sa'an nan ya tashi ya tafi inda aka nuna masa, ko da wurin da ya rantse ba zai taka ba ne. Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Ubangijinmu Yesu Almasihu har abada. Amin.