Ɗankwali a Gefen Filo

A ɗakin jira na gidan jinyar yara masu ciwo mai tsanani, na ji wata tsohuwa ta tare wata sabuwar zuwa.

"'Yata, kwana uku ba wanka. Hancina shaida ne!"

"Haba Mama! In ɗana ya farka bai gan ni ba fa?"

"Ai aikin ma'aikaciyar jin daɗi ke nan, mai taimaka wa iyayen marasa lafiya. Ba ta ɗankwalinki ta sa masa gefen filo, ta zauna kusa da shi. Haka ta yi wa jikana, har da munshari. Uwarsa ta yi wanka, ta yi sallah a nutse."

Matar ta kwance ɗankwalin, ta shinshina, ta tuntsire da dariya.

"Mama, wannan ai tashinsa zai yi!"

"Miƙa mata haka nan. Warin nan shi ɗanki ya sani."