Lissafin Yatsuna Ya Hana Ɗana Wasa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Jaradiya a Riyad nake rubuto maka. Direba ne ni, boko ya sallame ni tun aji huɗu.

Ɗana Sadiƙu nan aka haife shi, dogo kamar falwaya, har wata kwaleji a Amurka ta ɗauke shi ƙwallon kwando. Takardar haihuwarsa da shekarar Hijira take. Ranar yi masa fasfo, ni shehin malami na juya ta zuwa ta Bature da yatsuna, na ƙara masa shekara biyu. Yanzu masu bincike sun ce takardunsa sun saɓa, wata uku ke nan an hana shi wasa. Abokin wasansa mai irin matsalar, ubansa ya ɗauki lauya, mako guda aka wanke shi.

Jiya ya bugo mini: "Baba, in kakar nan ta wuce, gurbin karatuna ya tafi."

Na ce, "Yi haƙuri, wallahi yatsun ma na yi musu faɗa." Bai yi dariya ba.

Jama'a, ban ƙi doka ba, amma laifin nawa ne. Wa ya san ƙofar da uba zai buga ya ce shi za a hukunta?