Mutumin da Ya Buɗe Ƙofar Gabas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban gunduma, dagacinmu Pak Sudiro, limaminmu Kiai Muhtarom, dattawan Kalisogo. Yu Sumirah, matar marigayi, da 'yarsa Wartini. 'Yan uwa maza da mata, sannunmu da haƙuri. Na lura kunnuwanku suna kan ruwan da ke dukan kwanon rufi, ba wajena ba. Nawa ma can suke. Ba zan ja ku da nisa ba.

Ni ne Kasmuri, shugaban masu tafkunan kifi. Da Wartini ta zo ta ce ni zan yi magana a addu'ar arba'in ta mahaifinta, na ce, "'Yata, kin manta abin da na faɗa wa ubanki?" Ta ce, "Ban manta ba, Baba. Shi ya sa na zo."

Marigayi Kang Tarmuji ya kasance mai tsaron ƙofofin ruwa na garin nan shekara talatin da ɗaya. Ya kasance mutumin da zama bai karɓe shi ba. Ko kofi a tsaye yake kurɓa, ido na kan gajimare. Ya kasance mai takura mana: in ka zuba shara a kogi, zai tsamo ta ya ajiye maka a ƙofar gida, ya yi sallama ya wuce. Muka sa masa Sarkin Kwaɗi. Yakan ce, "Na karɓi sarautar. Su dai talakawana ba sa nitsewa."

Kun san ruwan bana. Kwana huɗu ba ɗaukewa, irin wanda tsofaffinmu suka ce ba su taɓa gani ba. Ranar Laraba da hantsi kogi ya gangaro daga duwatsu, teku kuma ta cika ta ƙi karɓa. Mata da yara sama da ɗari biyu sun fake a makarantar firamare, ruwa ya cinye matakala yana shiga aji. Ƙofar yamma teku take fuskanta, buɗe ta banza ne. Ƙofar gabas kuwa a kan tafkunanmu take zubarwa, ga shi saura kwana goma mu kwashe kifi.

Na same shi can, hannunsa a kan ƙarfen murɗawa. Na ce, "Kang, in ka juya wannan ka kashe mu."

Ya ce, "Kifi ya iya iyo, Muri. Jikarka da ke makaranta fa?"

Na ce, "Teku za ta janye da la'asar. Ka jira."

Ya ce, "Je ka roƙe ta ta yi sauri. Ni ba ta jin maganata."

Sai na faɗi abin da har yau yake hana ni sakat. Na ce, "Wanda ba shi da komai ai bai san zafin asara ba." Alhali na sani, tafkinsa ɗaya tilo shi ne na farko a bayan ƙofar. Sai ya ce, "Ko ka kama, ko ka matsa." Ban kama ba. Na tsaya kamar turke ina kallo.

Ƙofar ta ƙi ɗaguwa, kututturen ayaba da tarkace sun toshe ta. Ya sauka ruwa har ƙirji yana janye su ɗaya bayan ɗaya. Nan wani tsohon kwanon rufi ya yanke shi a ƙafa. Ya hau, ya ɗaure da tsumma, ya murɗa. Kafin azahar ruwan makaranta ya ragu da taƙi guda, ya daina hawa. Ba mu binne kowa ba a wannan ambaliya. Tafki arba'in da uku kuwa suka tafi.

Kwana tara ba wanda ya gaishe shi a cikinmu. Muna wucewa ta gabansa muna kau da kai, shi kuwa yana ɗingisawa zuwa ƙofa da zazzaɓi a jiki. Likita ya ce ta yankan nan cutar ta shiga, daga ruwan da ɓeraye suka ɓata. Na ƙudurta zan je gaishe shi ranar Juma'a. Ya rasu ranar Alhamis.

Yu Sumirah, mun ci amanar maƙwabtaka. Ba mu da bakin ba ki haƙuri, gafara muka zo nema. Wartini, ki ɗaga kanki sama. Duk yaron da kika ji yana kuka a zauren nan yau, ubanki yana da lada a kukan.

Jama'a, damina ba ta ƙare ba, ƙofofin kuma kwana arba'in ba su da mai tsaro. Mu masu tafkunan da suka tafi mun raba kwanaki a tsakaninmu har a naɗa wani. Mun kuma yi alkawari a gaban liman: in ranar ta sake zuwa, wanda ke bakin aiki zai buɗe ƙofar gabas, ba sai ya tambayi kowa ba. Yau layina ne, don haka ku yafe ni in kun ga na fita kafin a raba shinkafa.

Muna godiya ga shugabanni da suka ratso ruwa suka zo, da matan da suka yi girki da jiƙaƙƙen itace.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Tarmuji, Ka yalwata kabarinsa, Ka zaunar da shi inda ba fargaba. Ka ba iyalinsa dangana. Ka sassauta mana wannan ruwa, Ka mai da shi rahama. Ka kuma isar masa da gaisuwar da muka hana shi.

Al-Fatiha.