Ranar da Na Ce wa Oga Ban Iya Komai Ba

Iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Rifkatu, a Palladan nake. Kun san maigidana Bulus ya rasu bara a hatsarin acaɓa, ya bar ni da 'yarmu Alheri tana shan nono. Abin da ba ku sani ba, wansa ya aiko daga ƙauye cewa da na yaye ta zai zo ya ɗauke ta, tunda ba ni da abin ciyar da ita. Tun lokacin, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka shi ne ya zo.

Sai na ji wani shagon wayar hannu a Sabon Gari yana neman mai sayarwa. Na goya Alheri na tafi. Aka tace masu neman aikin, muka rage ni da wata ɗaliba daga Samaru, farcenta ja. Mai shagon, ɗan Kudu ne, ya tambaye ta me ta iya. Ta dube shi ido cikin ido ta ce ko dutse ya ba ta sai ta sayar. Ya yi dariya, ya juyo kaina, ya fara kallon silifas ɗina.

Mu a gidanmu ba a yabon kai. Ko tuwo aka ce kin iya, cewa za ki yi kina dai koyo. Na sunkuyar da kai na ce, "Oga, ban iya komai ba, sai abin da ka koya mini."

Ina jira ya ce haba, kin iya mana, yadda babba yake yi. Sai ya ce, "To Madam, nan ba makaranta ba ce." Ya miƙa wa ɗalibar makullin kanta.

Wayyo, 'yan'uwa! Da bakina na kori kaina.

Na shiga majami'a da rana tsaka, ba kowa. Na ce, Ubangiji, Ka ɗauki Bulus na yi shiru, kada Ka bari a ɗauke mini wannan yarinyar ma. Ka buɗe mini baki.

Washegari na koma shagon. Na ce masa tun ina yarinya nake tallar ƙosai a tasha, na iya kiran mai saye. Ya ce gurbi ya cika. In ina so in tsaya bakin ƙofa da waya a hannu ina jawo mutane, in an saya ya ba ni la'ada. Ba albashi, ba kujera, amma na yarda. Wata rana hannu rabbana nake komawa gida.

A nan wan mijina ya same ni, cikin rana, Alheri a baya, muryata ta dushe. Ya daɗe yana kallona. Na durƙusa na ce sannu da zuwa, Yaya. Ya ce, "A bar ta zuwa kaka, mu gani."

Kaka ta kusa, ban san abin da zai ce ba, har yanzu tsoro bai sake ni ba. Amma yau ni na yi wa 'yata wanka na kawo ta sujada. Na gode wa Yesu! Ku riƙe Shi da ƙarfi, ku kuma sa ni a addu'a.