Rafin da Babu a Doha

"Kin ce a Doha aka haife ki, to a wane rafi kika ɗebi ruwa?" in ji Hajiya Nasiratu, tana leƙen labarin da wata budurwa, Sauda, ke rubutawa a wayarta a ɗakin jiran asibiti.

"Hajiya, makarantar likitanci ta ce mu rubuta wahalar da muka sha. In ban ƙirƙira ba, ba za su ɗauke ni ba."

"Me ya kawo ki nan?"

"Kakata na kawo wankin ƙoda. Shekara uku nake mata tafinta."

"Wannan fa?"

"Wannan ba wahala ba ce, kakata ce!"

"Yauwa, 'yata. Da wannan maganar za ki fara."

Sauda ta harare ta, ta goge labarin rafin tas, ta fice ta buga ƙofa garam.