Haikalin Malam da Abin da Ya Ce a Yi da Shi

Mai girma Rabaran, fastocinmu, dattawan ikilisiya, shugabannin zumuntar mata, Maman yara, Auta da yayyenta, 'yan'uwa da abokan arziki, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

An ce in yi magana a madadin ajin nazarin Maganar Allah, wai don na fi kowa daɗewa a gaban Malam. Daɗewa kam na daɗe, ganewa ce dai sai a hankali. Ni direba ne, ba mai wa'azi ba, kuma gara in faɗa muku tun farko, yau kaina a ɗaure yake.

Abin da kuke gani a kan teburin nan, ƙaramin haikali ne na katako, wanda Malam ya sassaƙa da hannunsa tun daga lokacin da ya bar koyarwa a firamare. Teburin ma na cin abincin gidansa ne. Maman yara, ke ce shaida, shekara da shekaru kuna cin abinci a kan cinya saboda haikali ya kama wuri. Labulen da ke ciki kuma, gefen sabon zanenki ne ya yanka, ya ce ai ba za ki lura ba. Kin lura, har unguwa ta ji.

Ya kasance malami gare mu da 'ya'yanmu. Ya kasance mai zuwa asibiti gaida wanda ma bai sani ba. Ya kasance mai sasanta ma'aurata, zai zaunar da su gaban katakon nan yana bayani har su gaji su shirya. Ya kasance mai tambaya ɗaya tak. Zai nuna bagade, wato wurin miƙa hadaya, da tsinin rula ya ce, "Wannan wa yake nunawa?" Mu ce Almasihu. Ya nuna fitila, ya nuna ɗan ragon hadaya, ya nuna babban firist, amsar dai ita ce. Da na gane haka, sai nake ɗan gyangyaɗina a baya. Ran nan ya ce, "Wa ya tare ƙofa da mota?" Na farka firgigit na ce, "Almasihu!" Bai bar ni na manta ba har ya koma ga Ubangiji.

Ya koya mana cewa abin da annabawa suka yi ta faɗa ya cika. Labule ya tsage ranar gicciye, hanya ta buɗe, kuma haikalin gaskiya shi ne Almasihu kansa, mu kuma duwatsun ginin. Wannan na karɓa hannu bibbiyu.

Ga inda na rikice. Da na je duba shi a asibiti, ya kama hannuna ya ce, "Direba, ranar da za ku taru domina, ku wargaza haikalin nan." Na ce, "Haba Malam, ko zazzaɓin ne?" Ya ce, "In wanda ya yi tafiya ya dawo gida, hotonsa kake runguma ko shi?" Na ce, "To in haka ne, me ya sa ka ƙarar da idonka a kansa?" Sai ya yi dariya, ya ce in miƙo masa ruwa. Amsar ke nan da na samu.

Da na kai saƙon gida, Maman yara ta ce ita dai abin da ya faɗa. Auta kuwa ta tsaya a bakin ƙofar falo ta ce, "Kawu, duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne. Aikin hannun Baba ke nan da ya rage mini." Me zan ce mata? Tana da gaskiya, mahaifinta ma yana da gaskiya, ni kuma aka bar wa amanar.

Yau da safe, muna sa haikalin a mota, sai ginshiƙi ɗaya ya biyo hannuna. Na ce shi ke nan, na karya. Na duba, ashe babu ƙusa, babu gam ko ɗigo. Ko'ina haka yake, kowane katako zaune kawai yake a cikin ɗan'uwansa. Wani dattijo ya ce ai tun farko don a kwance shi aka yi shi. Yayan Auta ya ce a'a, Baba dai ba ya son warin gam. Ni ban san wanda zan bi ba.

Ga ginshiƙin a hannuna. Auta 'yata, ni ba zan iya ba. Na ɗauki alkawari a bakin gadonsa, amma ba zan cika shi a kan hawayenki ba. In kin ce in mayar, zan mayar, in mun haɗu da shi can ya yi mini faɗan, ai na saba.

To, ga ta nan ta taso. Na baya da ba ku gani, bari in gaya muku. Ta karɓi ginshiƙin, ba ta mayar ba, ta sa a jakarta. Yanzu ta ɗaga rufin da kanta, tana kiran yayyenta su zo su kama mata a kwance shi.

Kai, jama'a, ku yi mini haƙuri, a nan zan tsaya. Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Ya Ubangiji, kai da ka buɗe wa Malam hanya zuwa gabanka, ka ta'azantar da Maman yara, ka riƙe Auta da yayyenta. Abin da bai gama bayyana mana ba, mun bar shi a hannunka. Ka zauna a cikinmu yadda ka alkawarta, domin ka gani, yau ba mu da Malam, ba mu kuma da katakon da za mu nuna. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.